DAGA HAƘORIN MAKKA ZUWA GIRIL: GWAL BA YA RUƁEWA, TO HAƘORIN DA KE ƘARƘASHINSA FA?

Makon jiya ɗan yayata ya shigo gaishe ni, yana magana yana kare baki da hannu. Yaron da na sani da surutu da ƙyaƙyata dariya. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Kawu, dasashina ne ya kumbura." Sai da na matsa masa sannan ya zaro wani abu daga aljihu, a naɗe cikin takarda. Kwanson ƙarfe ne mai ruwan gwal, mai gurbin haƙora shida, an jera masa ƙananan duwatsu masu walƙiya, irin wanda mawaƙan Amurka ke kifawa a haƙoransu. Giril suke ce masa. A intanet ya saya. Sati uku ke nan yana fama da shi: da shi yake shan lemo, da shi yake cin tsire, wata rana ma da shi yake kwana. Na juya cikinsa na duba. Jama'a, ba zan faɗi abin da na gani da abin da na shaƙa ba, ƙila wani yana cin abinci yanzu.

Na ce masa, "To da me kake wanke shi?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Kawu, ai gwal ne. Gwal yana datti ne?"

Wannan amsar ce ta zaunar da ni rubutun nan. Da farko dai abin nasa ba gwal ba ne, kallon kitse ya yi wa rogo. Sannan ko da a ce gwal ɗin ne na gaske, ai shi gwal babu abin da zai same shi. Haƙorin da ya rufe da dasashin da ke gefensa, su ne za su biya kuɗin adon.

Kafin manya su fara cewa yaran zamani sun lalace, mu tuna da haƙorin Makka. Ba yau Bahaushe ya fara yi wa baki ado ba. Iyayenmu mata sun ci goro sun goga fure har haƙora suka yi jawur, kuma a lokacin shi ne gayu. Alhaji ko Hajiya su dawo daga aikin Hajji, tun kafin ka ji labarin Arfa ka riga ka ga shaida a murmushi, mata galibi na gwal, maza na azurfa. Na Hajiya ɗaya ne ko biyu, an liƙe shi dindindin. Na yaron nan shida ne, ana sawa ana cirewa. Amma tambayar da ke kansu guda ce: me ke faruwa a ƙarƙashin ƙarfen? Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ku biyo ni cikin tarihi tukuna, a ƙarshe zan kawo yadda ake wankewa da kulawa.

MUTANEN DA SUKA FARA

A tsakiyar ƙasar Italiya ta yau, kafin Rumawa su yi ƙarfi, an yi wata al'umma da ake kira Etruskawa. A kaburburansu ne aka tono wasu daga cikin mafi daɗewar kayan gwal na baki da aka sani, tun daga ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wato shekara 2,600 da wani abu ke nan. Siririn zoben gwal ne mai faɗi, a zagaye shi a haƙoran gefe, a tsakiya kuma a kafa haƙorin aro, na mutum ko na dabba. Waɗanda aka samu ba su da yawa, ashirin ne da 'yan kai.

Wani masani Ba'amurke, Marshall Becker, ya shafe shekaru yana bin waɗannan kayan gidajen tarihi ɗaya bayan ɗaya, har shi da Jean Turfa suka fitar da littafi a kai a 2017. A fahimtarsa, matan masu hannu da shuni ne ke sa su, maƙeran gwal ne ke ƙera su, kuma da gangan ake cire lafiyayyen haƙorin gaba don a samu giɓin da za a sa adon. Ka ji fa. Tun ranar farko lafiyayyen haƙori aka sadaukar saboda ƙyalli.

Rumawa ma sun san abin. A tsohuwar dokarsu ta alluna goma sha biyu, wadda aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an hana binne mamaci da gwal, amma aka yi togaciya ga wanda aka ɗaure haƙoransa da shi. Duk abin da ya kai a yi masa togaciya a doka, to ya zama sananne a gari.

Yanzu mu tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, tun kafin Turawa su san da ita. Al'ummar Maya, a kudancin Meziko da Gwatemala da maƙwabtansu, su ne ainihin magabatan haƙori mai duwatsu. Musamman tsakanin shekara ta 250 zuwa 900 miladiyya, sukan huda ƙaramin rami a fuskar haƙorin gaba, su dasa koren dutse mai daraja da ake kira jed, ko shuɗin dutsen fairuz, ko wani mai ƙyalli kamar gwal. Babu injin lantarki, babu allurar kashe zafi irin ta yau, amma a yawancin haƙoran da aka tono sun san inda za su tsaya kafin su taɓa jijiya. Kuma ba sarakuna kaɗai ke yi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne danƙon da suke liƙe dutsen da shi. Shekara sama da dubu a cikin ƙasa, duwatsu da yawa suna nan daram a gurbinsu. A 2022 wasu masu bincike a Meziko suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa haƙora takwas. Suka tarar danƙon haɗi ne na ƙaron itatuwa da tsirrai, kuma a cikinsa akwai sinadaran da aka san suna yaƙar ƙwayoyin cuta da kumburi. Ka ga ke nan a danƙon mutanen da akwai abin da zai iya kare ramin daga ruɓa. Kai kuma ɗan zamani, mai waya a hannu, da sufa gulu za ka liƙa naka?

A can gabashin duniya ma haka. Lokacin da jiragen Magellan suka isa tsibiran Filifin a 1521, marubucin tafiyar, Antonio Pigafetta, ya ba da labarin wani sarki da ya gani da ɗigon gwal uku a kan kowane haƙori. Kuma a garin Bolinao an tono wani ƙoƙon kai na ƙarni na 14 zuwa na 15, haƙoransa a lulluɓe da ƙananan gwala-gwalai da aka jera kamar ɓawon kifi. Yana nan a gidan tarihin ƙasar a Manila.

HANCIN ARFAJA DA WAYAR AZ-ZAHRAWI

Duk waɗancan ado ne. A tarihin Musulunci kuwa, maganar gwal a jikin namiji ta shigo ne ta ƙofar lalura, kuma a nan ne darasin tsafta ya fi fitowa fili.

Ɗalibai sun san labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, sai ya ƙera na azurfa ya sa. Hancin ya riƙa yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na gwal. Imam Tirmizi ma ya ambata cewa an samu magabata fiye da ɗaya da suka ɗaure haƙoransu da gwal. Hukuncin namiji ya sa gwal don ado kawai, wannan fagen malamai ne, a je a tambaye su. Ni abin da nake so mu lura da shi shi ne warin nan. Me ya sa azurfa ta yi wari, gwal bai yi ba?

Shekara wajen ɗari huɗu bayan haka, wani likita a Andalus ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, an haife shi kusa da Ƙurɗuba wajen 936, ya rasu wajen 1013. Littafinsa At-Tasrif kashi talatin ne, na ƙarshen a kan tiyata, kuma an fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantar da shi. A ciki ya yi bayanin yadda ake ɗaure haƙorin da ke girgiɗi da siririyar waya, ya kuma ce ta gwal ta fi, domin ta azurfa takan sauya launi ta lalace cikin 'yan kwanaki, gwal kuwa yana nan yadda yake. A littafin dai ya ware babi guda a kan kankare dattin da ke yin kanta a gindin haƙora, ya ce shi ke ɓata dasashi har ya tara ruwa, ya ma zana hotunan ƙarafan da ake kankarewar da su. Shekara dubu ke nan da likita ya haɗa maganar ƙarfe a baki da maganar kanta.

Ilimin yau ya ƙarasa bayanin. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna fitar da iska mai sinadarin farar wuta, ita ce ma asalin yawancin warin baki. Azurfa kuwa da ta haɗu da farar wuta sai ta yi baƙi. Tagulla takan yi kore. Gwal ba ruwansa da su duka. Shi ya sa tun daga Etruskawa har likitocin haƙori na ƙarnin da ya wuce, gwal aka fi yarda da shi a baki.

Sai dai a nan ne mutane suka yi wa kansu gurguwar fahimta. Da aka ce gwal ba ya tsatsa, sai aka ɗauka bakin da ke da gwal ba ya ciwo. Ina! Dauɗa ba ta tambayar karat nawa ne kafin ta zauna.

YADDA GIRIL YA ZAMA YAYI

Giril irin na yau, mai sawa da cirewa, a Amurka aka haife shi. Dama can haƙorin gwal sananne ne a tsakanin baƙaƙen fata na kudancin ƙasar da mutanen yankin Karibiyan, wani don gyaran haƙorin da ya lalace, wani don a san ya samu. A farkon shekarun 1980 wani matashi mai suna Eddie Plein, ɗan asalin Surinam mazaunin birnin Niyok, ya je gida ziyara haƙorinsa ya samu matsala, likita ya kawo masa maganar hular gwal. Daga nan tunani ya zo masa: me zai hana a ƙera wadda mutum zai sa in ya ga dama, ya cire in ya ga dama, ba tare da an fiƙe masa haƙori ba? Ya koyi aikin zubin haƙora, ya buɗe shago a unguwar Queens. Mawaƙan hip-hop na lokacin irin su Flavor Flav da Big Daddy Kane da Kool G Rap suka zama abokan cinikinsa. A shekarun 1990 ya koma Atlanta, mawaƙan kudu irin su OutKast da Ludacris da Lil Jon suka ɗauka.

Ku lura da wannan wurin da kyau. Hikimar giril gaba ɗayanta ita ce ana cire shi. Wanda ya saya ya kwana da shi, ya ci abinci da shi, ya rushe dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi tun farko.

Daiman kuwa Houston ce ta cika shi a baki. Johnny Dang, ɗan Biyetnam da ya isa birnin a 1996 yana gyaran sarƙoƙi da zobba a kasuwa, ya haɗa kai da mawaƙi Paul Wall, suka mayar da abin babbar sana'a. A ƙarshen 2005 Nelly ya fitar da waƙar "Grillz" tare da Paul Wall, zuwa Janairun 2006 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Daga nan abin ya bar hannun mawaƙa ya shiga makarantun sakandare. A 2012 har ɗan wasan ninƙaya Ryan Lochte ya yi hoto da lambar gwal ɗinsa a gasar Olamfik ta Landan, bakinsa ɗauke da tutar Amurka ta duwatsu.

Wannan ita ce fuskar da ake nuna mana. Ga ɗaya fuskar. A Fabrairun 2010, wata kotu a Niyok ta ɗage ranar tura Lil Wayne gidan yari a shari'ar mallakar bindiga, saboda lauyoyinsa sun ce sai an yi masa aiki a baki. Jaridun Amurka suka ruwaito cewa a zama ɗaya aka yi wa haƙoransa takwas aikin kwashe jijiya, ban da gyaran dashe da na adon kansa. Mutumin da ke da kuɗin ɗaukar duk likitan da ya so ke nan. Daiman a sama, aiki jibge a ƙasa.

Tun a 2006 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da jan kunne. Ta ce babu binciken da ya tabbatar da cewa daɗewa ana sa giril ba shi da haɗari. Ta ce a cire shi kafin cin abinci, a wanke shi kullum, a rage tsawon lokacin da yake baki, kada a wanke shi da maganin goge sarƙa, kada kuma a liƙa shi da gam. Ta ma tunatar cewa a wasu jihohin ɗaukar awon bakin mutum aikin likita ne, sai da lasisi. Yayin ya iso mana ta bidiyo da TikTok, takardar jan kunnen ce ba ta iso ba.

ME KE FARUWA A ƘARƘASHI?

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma in ya tafi ba ya dawowa. Kullum wata dauɗa mai yauƙi tana taruwa a kansa, cike da ƙwayoyin cuta. Ka sha zaƙi, su ma su sha, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa cin ɓawon a hankali har ya yi kogo. Abin da Allah Ya tanadar mana na kariya shi ne yawu. Shi ke wanke saura, ya kashe kaifin asid, ya mayar wa haƙori da sinadaran da ya rasa. To da ka kifa ƙarfe a kan haƙori ka tare wa yawu hanya, lemon da ka sha kuwa zai samu kafar shiga ya kwanta. Ɗumi, danshi, sukari, duhu: ka gina wa ƙwayoyin cuta ɗaki ka sa musu katifa. Dauɗar nan in ta kwana biyu ba a goge ta ba sai ta fara ƙanƙarewa ta zama kanta, ita kuma kanta buroshi ba ya fitar da ita, sai likita.

Sai maganar ƙarfen kansa. Tsantsar gwal karat 24 ne, kuma ya yi laushi da yawa, shi ya sa ake gauraya shi. Karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne gwal, karat 14 wajen kashi 58, karat 10 wajen kashi 42. Na arahar da ake tallatawa a intanet kuwa yawanci wani ƙarfe ne aka yi wa wankan gwal sama-sama. Kwana kaɗan wankan zai koɗe, ƙarfen ciki ya haɗu da dasashi. In akwai nikel a ciki, mutane da yawa jikinsu ba ya shiri da shi, sai ƙaiƙayi da kumburi da gyambo. Hausawa sun gama magana, araha ba ta ado.

Duwatsun ma da nasu. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daiman 10 ne, ɓawon haƙori wajen 5. Mai cizon haƙora a barci in ya kwana da shi, kamar ya sa wa haƙoran da ke fuskantarsa magagari ne. Ga haɗarin dutse ya ɓalle ko kwanson ya suɓuce ya wuce maƙogwaro.

YADDA AKE WANKE MAI CIREWA

Wanda ya ce shi dai sai ya sa, to ga abin da ya zama dole:

1. A cire shi kafin cin abinci, kafin shan duk wani abu ban da ruwa, kafin barci, kafin ƙwallo ko wani wasan. Na fita biki ne da ɗaukar hoto, awa kaɗan a cire.

2. Kada a kifa shi a kan dattin baki. A goge haƙora da man goge baki mai fuloraid, a yi sakace da zare, sannan a sa. In an cire ma a kurkure baki.

3. Duk ranar da aka sa, a wanke shi. A samo masa nasa buroshin daban, mai laushi irin na yara. Ruwa mai ɗumi, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi. A fi ba cikinsa muhimmanci, wajen da ke taɓa haƙori, da bayan duwatsu inda abinci ke maƙalewa. Kowa waje yake gogewa don ya yi ƙyalli, alhali cutar tana ciki.

4. A ɗauraye shi sosai har santsin sabulu ya fita. A cikin kwano za a yi, kada a yi a bakin rariya, in dutse ya faɗi a gan shi.

5. A tsane shi da tattausan ƙyalle, a bar shi ya sha iska ya bushe sarai, sannan a sa shi a ɗan akwatinsa mai tsabta. Aljihu da ƙarƙashin filo da leda mai danshi ba ma'ajiya ba ne.

6. Abubuwan da ba a kusantar da su: ruwan bilic, domin sinadarin kulorin yana cin gaurayen gwal ya raunana ƙafafun da ke riƙe duwatsu. Maganin goge sarƙa da na goge ƙarfe, domin guba ne, baki kuma za a mayar da abin. Toka, gawayi, yashi da makilin, domin suna karce gwal, a kan na wanke kuwa su kankare ruwan gaba ɗaya. Tafasasshen ruwa, domin yana narkar da gam ɗin duwatsu ya lanƙwasa robar da ke cikin na araha.

7. Lokaci-lokaci a taɓa duwatsun da tsinken sakace. Wanda ya motsa, a kai wa maƙeri ya matse kafin a sake sawa.

8. Ba a aro, ba a ba da aro. "Abokina ba ni in ɗauki hoto" hanya ce ta raba cuta, musamman in dasashin ɗaya yana jini.

9. Sufa gulu da duk wani gam na kasuwa, haram ɗinsu shiga baki. In kwanson ba ya zama da kansa, to ba awon bakinka ba ne. Kada kuma a danna shi da ƙarfi, wanda ya matse yana iya ture haƙora daga layinsu.

SAI MASU HAƘORIN MAKKA

Hajiya da Alhaji, naku ya fi buƙatar lura, domin ba a cire shi a leƙa ciki. Sau da yawa sai an ɗan fiƙe lafiyayyen haƙori kafin hular ta zauna, kuma abin da aka fiƙe ya tafi ke nan. Wurin da ake jin tsoro shi ne bakin hular, inda ƙarfe ya haɗu da dasashi. In ba ta zauna cif ba, ko simintin da aka liƙa ta da shi ya zaizaye, abinci zai riƙa shiga, haƙorin ya yi ta ruɓewa a ɓoye shekara da shekaru, hular tana ta walƙiya abinta. Ranar da ciwo zai tashi, wataƙila saura kututture.

A goge baki sau biyu a rana, minti biyu-biyu, a karkata buroshi zuwa gindin hular. Asuwaki yana da amfani ƙwarai, a ci gaba da yi, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, sai an haɗa da zaren sakace. Allura da fil da tsinken tsintsiya a bar su. In aka ji wari daga wurin, ko ɗanɗanon ƙarfe, ko zafi in an sha sanyi, ko aka ga dasashi ya yi baƙi ko yana jini, ko hular tana motsi, a je wurin likitan haƙori a makon, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ko babu ciwo, a riƙa zuwa ana dubawa ana kankare kanta kamar sau biyu a shekara.

Wanda kuma ke shirin sawa, a Makka ne ko a gida, ya tambaya: wane ƙarfe ne, karat nawa, wa zai sa, ya karanci aikin kuwa? Kayan aikin an dafa su a na'ura bayan wanda ya gabace ni? Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma aikin baki ba ya rasa jini. Kada garin neman gira a rasa ido.

Shi dai ɗan yayata na kai shi asibiti. Likita ta duba ta ce Allah Ya taimake shi, dasashi ne kawai ya harzuƙa, ɓarnar ba ta kai ga haƙoran ba tukuna. Ta kankare masa, ta ce ya jefar da kwanson. A hanyar dawowa ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, amma fa in na samu kuɗi sai na yi na gaske." Na ce Allah Ya ba ka, amma ka fara riƙe talatin da biyun da aka ba ka kyauta, don a kansu na gasken zai zauna.

Duk wanda ya san yana da ƙane ko ɗa mai irin wannan kwanson a aljihu, ko uwa mai haƙorin Makka da ya shekara goma likita bai gani ba, don Allah ya karanta musu wannan. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.